Kowa Yana Kallo a Waya, To Wa Ke Biyan Mai Fim?

Tambaya, daga wata Hajiya a Aboabo, Kumasi: "Ɗana ya gama sakandare, yana koyon gyaran waya a Adum. Yanzu ya tayar da magana wai zai bari, in ba shi jari ya sayi kyamara, shi da abokansa su riƙa wasan kwaikwayo da Hausarmu ta zango suna sawa a YouTube da TikTok. Ni dai na san a da kaset ake saya, mai fim ya samu kuɗinsa. Yanzu kowa kyauta yake kallo a waya. To wa ke biyansu? Sana'a ce ko shiririta?"

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya shirya mana zuri'a. Na shiga wannan harka ina yaron shagon kaset a Asawase, muna sauke finafinan Kano muna sayarwa muna ba da haya. Daga baya na koyi tace fim, yanzu kuma ni ke riƙe wa wasu yara tashoshinsu na YouTube, ina ganin abin da ke shiga da abin da ke fita kowane wata. Don haka zan faɗa miki yadda lissafin yake, ko da wani sashensa ba zai yi wa yaron daɗi ba.

Da farko zan gyara miki kalma ɗaya. Kallon ba kyauta ba ne. Ki zauna yau da daddare ki tambayi kowa a gidanki nawa ya sa data a wannan mako, ki haɗa. Ina kyautata zaton za ki tarar ya wuce abin da gidan ke kashewa a kan faifai lokacin da ake sayen faifai. Mutane ba su daina biya ba, hanyar da kuɗin ke bi ce ta canza. A da kuɗi kan fita daga hannunki ya shiga shagonmu, mu cire namu, mu miƙa wa dillali, dillali ya cire nasa ya miƙa wa furodusa. Kowa a layin ya san na gaba da shi, in an cuce ka ka san ƙofar da za ka buga. Yau kuɗin da kika sa na data MTN ko Telecel ko AT yake tafiya, kuma a can yake tsayawa. Ko sisi daga cikinsa ba ya isa hannun wanda ya yini a rana yana ɗaukar wasan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai biyan ɗanki, in har za a biya shi, wani ne daban wanda bai taɓa ganinsa ba: mai talla.

Kafin in zo kan mai talla, bari in tuna miki yadda muka iso nan, domin ba wayar ce kaɗai ta rushe tsohuwar kasuwa ba. Fim ɗin bidiyo a Gana ya kama ƙasa tun 1987, da William Akuffo ya fitar da Zinabu. A Kano kuma Turmin Danya ya fito a 1990, zuwa lokacin Sangaya a 1999 babu zangon da kaset ɗin Kano bai shiga ba. Kin san yadda ake jiran sabon fim ɗin Ali Nuhu ko na marigayi Ibro, yadda yara ke cika tsakar gidan da ke da talabijin. A gefe guda maƙwabtanmu Tonawa, wato Asante, suka gina tasu masana'antar da harshen Tuwi, Kumawood, su Agya Koo da Nana Ama McBrown da Lil Win. Fim ɗaya a raba shi kashi huɗu, a ɗora faifai a mota da lasifika, a zagaya kasuwar Kejetia ana shela, 'yan talla na bin motar da kaya a hannu. A Akra kuma Opera Square ce matattarar dillalai, kamar yadda Ƙofar Wambai take a Kano.

Abu uku suka taru a kan wannan kasuwa kusan lokaci guda. Na farko dumsor, ɗauke wutar nan da ta addabe mu daga 2012 zuwa 2016, wadda a 2015 ta kai ana ɗaukewa awa 24 a kawo awa 12. Wa zai sayi faifai alhali ba wutar kunna shi? Waya kuwa ko a shagon caji ka kai ta, ta ishe ka dare. Na biyu tashoshin talabijin suka yawaita, suka gano cewa sayen wasan Indiya ko na Meziko a fassara shi ya fi sauƙi a kan sayen fim ɗin gida. Da Adom TV ta fara nuna Kumkum Bhagya da harshen Tuwi, har a zango mata kan sauke tukunya da wuri. Na uku shi ne memori. Yaro da kwamfuta ɗaya a bakin titi zai cika maka kati da fim ashirin a kan abin da bai kai kuɗin faifai ɗaya ba, kai kuma ka tura wa gida goma ta Xender, manhajar tura fim daga waya zuwa waya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005 tana nan a rubuce, amma wa zai bi kowane lungu yana duba waya? Kuma gaskiya mu ma da namu laifin. Mun riƙa jan labarin da bai wuce awa ɗaya ba har kashi huɗu, sauti ba daɗi, fim biyar a mako. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To a kan wannan kufai YouTube ya zo ya kafa rumfa. Ga yadda yake biya. Tasha ba ta fara samun kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000, kuma an kalli bidiyoyinta awa 4,000 cikin wata goma sha biyu, ko kuma gajerun bidiyoyinta na Shorts sau miliyan 10 cikin kwana 90. Yara da yawa a nan suke karaya, domin ana iya shekara ba a kai ba. In an kai, YouTube zai riƙa sa talla a kan bidiyon, a dogon bidiyo ya ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar, ya riƙe 45. Ba a turo maka komai sai abin da ka tara ya kai dala 100, in bai kai ba a wannan wata sai ya jira na gaba. In bidiyo ya kai minti takwas, ana iya sa talla a tsakiyarsa, ba a farko kawai ba. Shi ya sa za ki ga barkwancin da bai wuce minti uku ba an ja shi da gaisuwa da tafiya da kiɗa har ya haura takwas. Ba shirme ba ne, lissafi ne.

Amma inda yara ba su ganewa, kuma inda nake so ki riƙe da kyau, shi ne kallo ba ya zama daidai da kallo. Mai talla yana biya ne gwargwadon aljihun wanda ke kallon. Mutum ɗaya da ya kalli wasan daga Bronx ko Hambog ko Landan yana kawo abin da mutane da yawa a unguwar Sawaba ta nan Kumasi ba za su kawo ba, saboda kamfanonin can suna gasar sayen idon mutanensu da tsada, namu kuwa tallarsu ba ta da nauyi. Na ga tashoshi biyu da yawan kallonsu ya yi kusa da juna, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar sau da yawa, bambancin kawai inda masu kallon suke zaune. Ko a nan ma akwai ragi: tun 2021 ana cire harajin Amurka daga abin da aka samu ta masu kallo na Amurka, kuma ga ɗan Gana yana iya kaiwa kashi 30 cikin ɗari. Don haka in ɗanki ya nuna miki waya ya ce "Mama, dubi, mutum dubu hamsin sun kalla," ki yi masa barka, sannan ki tambaye shi su waye, kuma daga ina.

Akwai waɗanda suka ci wannan kasuwa, ban ɓoye miki ba. Ras Nene, wanda yanzu ake kira Dr Likee ko Akabenezer, ya daɗe yana fitowa a matsayin ɗan daba a Kumawood. Da kasuwar faifai ta mutu ya koma gajeren barkwanci a YouTube, ya tara yara a bayansa, wasu daga cikinsu yanzu suna da nasu sunan. A Kano ma haka aka yi. Arewa24 ta buɗe a 2014 ta saba wa mutane da wasa mai dogon zango irin Daɗin Kowa, sannan su Izzar So da Labarina suka nuna cewa ana iya sakin fim kashi-kashi kowane mako a YouTube, mutane su jira shi kamar yadda ake jiran sabon kaset a da. A waƙa kuwa ga Black Sherif, Mohammed Ismail Sherif, yaron zangon Konongo, nan kusa da mu. Second Sermon a 2021, Kwaku the Traveller a 2022, kafin manyan gidajen rediyo su gama shawara wayoyi sun riga sun kai shi Legas da Landan, a 2023 ya zama gwarzon mawaƙin shekara na Gana. A zamanin da na fara aiki, yaro irinsa sai ya yi shekaru yana bin furodusa da masu sa waƙa a rediyo yana roƙo. Wannan ƙofa ta buɗe da gaske, kuma ita ce ɗanki yake hange.

Sai dai ki lura da harsunan da waɗannan suka yi aiki da su. Dr Likee yana magana da Tuwi, harshen da ya fi kowane yaɗuwa a Gana, ga kuma Tonawa birjik a Turai da Amurka. 'Yan Kano suna da miliyoyin Arewacin Najeriya da Nijar a bayansu. Black Sherif Tuwi da Turanci yake haɗawa. Ɗanki kuwa yana tsakiya. In ya yi da Hausar Kano, ya shiga gasa da masu jari da fitattun fuskoki, kuma ba zai fi su iya Hausarsu ba. In ya yi da Tuwi, ya shiga gonar da ta riga ta cika. Abin da yake da shi wanda babu mai iya ƙwace masa shi ne Hausar zango, wadda muke cewa "yarinyan ya zo" mu jefa Tuwi mu jefa Turanci a jimla ɗaya, Bakano ya ji ya yi dariya. Ni kaina sai da na yi shekaru ina zirga-zirgar Kano kafin na iya raba "ya" da "ta". Da can muna jin kunyar wannan Hausa, masu fim ɗinmu na zango suna ta ƙoƙarin kwaikwayon bakin Kano, abin ya fito ba kan gado. A ganina kuskure ne babba. Mutumin Nima da ke tuƙin tasi a Niyok, ko 'yar Aboabo da ke aiki a Saudiyya, ba Hausar littafi suke kewa ba. Suna kewar muryar mai koko da ƙosai da asuba, da gardamar 'yan ataya a bes, wato majalisar samari masu shan shayi, da faɗan 'yan haya a kan kuɗin wuta a gidan da mita ɗaya ce. Kasuwar ƙarama ce, amma wani sashe nata yana zaune a inda talla ke da tsada, kuma har yanzu ba a cika ta ba.

TikTok kuwa wani abu ne daban, kuma nan ne na fi jin tsoro. Shi ba ya raba kuɗin talla da ɗan Gana yadda YouTube ke yi. Abin da yara ke samu a can yawanci daga kyauta ne, wato su buɗe laif, ana kallonsu kai tsaye, masu kallo su sayi fure ko zaki na hoto su jefa musu, kamfanin ya cire babban kaso, saura ya zama kuɗi. To me ke sa mutum ya jefa kyauta? Ba labari mai kyau ba. Zagi, habaici, tonon asiri, mace biyu suna faɗa a kan namiji, yaro yana rashin kunya ga malami. Na'urar da ke zaɓa wa mutane abin da za su gani ba ta san halal da haram ba, ba ta san wane ne ɗan gidan mutunci ba. Abin da ta fi aunawa shi ne: wa ya tsaya, tsawon wane lokaci, ya sake kallo ko ya wuce. In faɗa ke tsayar da yatsa, faɗa za ta yi ta turawa. Na taɓa aiki da wani yaro mai basira, ya yi wata uku yana wasa mai ma'ana ba kowa, rana ɗaya ya zagi wani a laif, kafin safiya mabiyansa sun ninka. Daga ranar ban sake iya dawo da shi ba. Facebook ya fara biyan masu bidiyo a Gana kuɗin talla a 2024, kuma ga mutanenmu yana da amfani domin manya sun fi zama a can, amma shi ma da irin wannan ma'auni yake aiki.

Wannan ya canza har yadda ake rubuta labari. A faifai, mutum ya riga ya biya, zai zauna ko fim ɗin ya fara da sanyi. A waya in ba ka kama shi cikin daƙiƙun farko ba, ya tafi. Shi ya sa ake fara wasa da mari ko kuka, a sa hoton fuska a buɗe baki a kan bidiyo, a rubuta take mai tayar da hankali wanda sau da yawa ba ya cikin wasan. Waƙoƙi ma sun gajarce, amshi ya dawo farko, domin a samu abin da za a yi rawa da shi a TikTok. Kin ga yadda Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta zagaye duniyar Hausa a 2020 ta hanyar bidiyon mata suna rawa a gidajensu, ba ta hanyar kanti ba.

Wani abin da ya tafi, wanda ba ya cikin tambayarki amma yana damuna, shi ne kallon taro. Da can fim ɗaya gida ɗaya, kaka tana nan, in abin kunya ya zo wani ya yi tari, a tura yaro ɗebo ruwa. Wannan tarin shi ne hukumar tace finafinai ta gaskiya a zango. Yanzu mutum takwas a ɗaki, allo takwas, kowa da abin kunnensa, wasu kuma sai sha biyun dare ta wuce suke farawa saboda datar dare ta fi araha. Ba na cewa duk sharri ne. Ta wannan wayar ce tsohuwar da ba ta iya fita take jin tafsiri kai tsaye daga masallacin unguwarsu, ɗanta a Italiya ma yana ji tare da ita. Kin tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, ana cikin kwanakin farko na azumi? Tafsirin Facebook ya tsaya, masu tashoshi suka kasa ɗora komai, mutane suka koma laluben Zuria FM a rediyo. Ranar na ƙara gane cewa rumfar da muke kasuwanci a ciki ba tamu ba ce. Haya muke, kuma mai gidan bai san da zamanmu ba. Yana iya canza doka da dare, kuɗin wata ya ragu rabi, babu ofishin da za ka je ka yi ƙorafi.

Su Netflix da suka iso Gana a 2016, da Spotify da ya zo a 2021, ba zan ɓata miki lokaci a kansu ba. Yawanci na masu katin banki da intanet mara yankewa ne, kuma ba sa sayen wasan yaran Aboabo. Waƙa a nan Audiomack da Boomplay aka fi ji, saura YouTube da WhatsApp.

To, sana'a ce ko shiririta? Sana'a ce, amma irin wadda mutum ɗaya ke ci, ɗari suna rakiya, kuma ko wanda ya ci ba kuɗin YouTube kaɗai ke riƙe shi ba. Yaran da na ga sun tsaya da ƙafarsu, yawancin abincinsu daga gefe yake zuwa: mai shagon atamfa ko mai maganin gargajiya ko mai shirya tafiya Umara ya biya a ambace shi cikin wasa, a turo kuɗin ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ɗaukar bidiyon biki da suna da Maulidi, tace wa wasu aikinsu. Tashar ita ce allon talla, sana'ar tana bayanta.

Shawarata, kada ya saki reshe ya kama ganye. Gyaran waya da yake koya ba kishiyar wannan harka ba ce, ƙanwarta ce, domin duk wannan kasuwa a cikin waya take zaune, kuma muddin ana kallo allo zai fashe, wurin caji zai lalace. Ya gama koyonsa, ya karɓi sallama daga maigidansa da mutunci. Kada ki sayi kyamara yanzu. Wayar da ke hannunsa ta isa farawa. In za ki kashe wani abu, ki saya masa ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga da fitila ɗaya, domin mai kallo yana yafe hoto mara kyau amma ba ya yafe sautin da ba ya ji, balle a unguwarmu da babur da lasifika ba sa hutawa. Ki ba shi wata shida, bidiyo ɗaya kowane mako ba fashi, ranar Lahadi da ba ya zuwa shago. Mafi yawan yara a mako na biyar suke gajiya, kin ga kin huta ba tare da kin hana shi ba. In ya cika wata shida, ku buɗe shafin lissafin tashar tare, ku duba abu biyu: minti nawa mutane ke tsayawa kafin su wuce, da ƙasashen da suke kallo daga ciki. A nan za ki san ko a yi maganar kyamara.

Ki kuma gindaya masa sharuɗɗa tun yanzu, kafin kuɗi ya shigo. Kada ya sa fuskar kowa ba da izininsa ba, musamman 'ya'yan mutane mata, domin abin da ya hau intanet ba ya sauka, kuma aure ya sha mutuwa a kan bidiyon shekara biyar da ta wuce. Kada ya ɗora waƙar wani a ƙarƙashin wasansa, na'urar YouTube tana gane ta, kuɗin ya koma wa mai waƙar, in kuma aka kai ƙararsa sau uku cikin kwana 90 ana iya rufe tashar gaba ɗaya. Sannan shi da abokansa su zauna gaban babba su rubuta a takarda: tashar ta wa ce, imel ɗin wa aka buɗe ta da shi, yaya za a raba in an samu. Na ga abokai tun na makarantar allo sun daina gaisawa a kan lambar sirri.

In tashar tasa ce, asusun karɓar kuɗin ya kasance da sunan da ke kan katin Gana ɗinsa, harafi da harafi, daidai da na asusun bankinsa, kuma sai ya cika shekara 18, in bai cika ba da sunanki za a buɗe. Idan kuɗin ya kai dala 10, Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, zai aiko da lambar tabbatarwa a takarda ta gidan waya, ba ta waya ba. Don haka ya nemi akwatin gidan waya na wani amintacce tun da wuri, na masallaci ko na shagon maigidansa, kada ya rubuta "bayan gidan mai waake, Aboabo" ya zauna jira.